Mutum Goma Sha Bakwai a Tsakiyar Teku

Ɗakin saba ba shi da taga. A da ma'ajin tsintsiya da bokitai ne, sai aka kwashe su, aka kafa ƙarfen da kwamfutoci ke zama a kai, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, aka manna takarda a ƙofa cewa ba a shiga sai da izini. Babu wanda ya taɓa neman izinin. Sanyin ɗakin kaɗai ya isa ya kori mutum, in ban da Injiniya, wadda ta kafa ƙusa a bayan ƙofa ta rataye rigar sanyinta.

Injiniya sunan ofis ne. A gida Auta ce, ko da yake ta kwana biyu ba ta ji an kira ta da shi ba. Ofishin kuwa na masu jinyar gida ne. Mota huɗu gare su da nas goma sha biyu, suna bin gidajen marasa lafiyar da ba sa iya zuwa asibiti, a wanke ciwo, a auna jini, a bar magani. Saba ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da sunan kowa da ciwon kowa, Injiniya kuma ita ce mai kula da ita. Idan komai na tafiya daidai babu mai tunawa da su biyun. Idan wani abu ya tsaya, ko da butar dafa shayi ce, sai ka ji ana ta cigiyar Injiniya.

Ranar Litinin Darakta ya kira ta. Ya ce ya gaji da littattafan direbobi. Shekara da shekaru da kwatance ake aiki: bayan gidan mai ka yi hagu, ka wuce mai faci, gida na biyu. Ranar da mai faci ya tashi daga wurin, mara lafiya ya ɓata ke nan. Shi ya sa aka yi wata uku ana zagaya gidaje da wayar ofis, a tsaya a gidan kowa a ɗauki lambobi biyun da ke nuna inda yake a doron ƙasa. Abin da ya rage shi ne a ɗora manhajar taswira a kan saba, ta yi wa garin sabon rabo, ta zana wa kowace mota hanyarta.

"Litinin mai zuwa za mu fara," in ji Darakta. "Wanda ke kan taswira, mota za ta je masa. Wanda ba ya kai, sai an sake rabo bayan wata uku. Ba zan haɗa littafi da na'ura ba."

"Faifan ajiyar saba ya cika, Yallaɓai. Taswirar gari da hotunan sama ba za su shiga ba."

"Ki goge wani abu mana."

"Wanne?"

Ya ɗan yi tunani, bai samo ba. "To ki ƙara wani," ya ce, ya jawo wata takarda gabansa.

Talata ta yi aikin faifai. Sai da ta fara kwafe komai zuwa wani wuri dabam, don ba ta taɓa saba sai ta yi haka, kuma ba ta yarda da kwafi sai ta buɗe shi ta gani da idonta. Sannan ta cire marfin gurbin da ke wofi, ta zura sabon faifan har ya ce ƙas, ƙaramar fitilarsa ta kama. A nan ne masu garaje ke kakkaɓe hannu su tafi shan shayi, su dawo su tarar da na'ura tana kukan ba wuri kamar ba a yi mata komai ba. Sa faifai kaɗai ba ya isa. Sai an haɗa shi da tsohon, an faɗaɗa rabon, sannan a zauna a gaya wa na'urar, da layi guda na umarni, cewa an ƙara mata wuri. In ba a gaya mata ba, haka za ta yi ta takure kanta a tsohon gurbinta. Injiniya ta buga layin, ta duba. Cikar da ta kai kashi casa'in da takwas ta sauko talatin da ɗaya.

Laraba ta ɗora manhajar. Manhajar ta zo da 'yan rakiya, wasu ƙananan manhajoji har goma sha huɗu, kowacce da tata fitinar. Ɗaya ta ƙi zama da wadda ta tarar, sai da aka sauke tsohuwar. Hotunan sama suka ci yini guda suna shiga. Injiniya ta ci abincin ranarta a tsaye a baranda, inda rana ke ɗan taɓa mutum, ta koma.

Alhamis da safe ta zuba sunayen, mutum dubu ɗaya da ɗari biyu da takwas. Darakta ya zo da kansa ya tsaya a bayanta, hannu a hammata saboda sanyi, yana jiran ya ga garinsa da jajayen ɗigo a kan gidaje. Sai allon ya ja da baya, ya ƙara ja, har rabin duniya ya fito. Manhajar ba ta yarda ta bar ko ɗigo ɗaya a waje, duk nisansa. Garin ya koma ɗan tabo ja a gefe guda. Can nesa kuma, a tsakiyar teku, inda babu ko tsibiri, ga ɗigo ɗaya shi kaɗai.

"Wannan fa? Mara lafiyarmu ne a cikin ruwa?"

Ta danna ɗigon. "Su goma sha bakwai ne, Yallaɓai, a kan juna."

"Me ya kai su?"

"Ba a ɗauko lambobinsu ba. In manhajar ta ga gurbi ba komai, sai ta ɗauka sifili ne da sifili. Sifili da sifili kuma wuri ne. Ga shi nan."

Darakta ya yi dariya har da tari. Kafin azahar labari ya gama ofis, wata nas tana cewa a nema musu jirgin ruwa, wata tana cewa ita ba ta iya iyo ba, kar a sa ta a wannan hanyar. Injiniya ta buga sunayen a takarda don a ba direba ya koma gidajen. Ba ta saba karanta abin da take ajiyewa ba. Aikinta ta tsare shi ne, ba ta leƙa shi ba. Amma takardar ta fito daga firinta da ɗuminta, idonta ya bi layi, a na goma sha ɗaya ya tsaya. Sunan mahaifinta ne.

Ta karanta sauran layin. Tsohon mai raba wasiƙu. Ciwon suga. Gyambo a ƙafar hagu, wanki sau biyu a mako. Ba ya iya tafiya mai nisa. An rubuta shi wata bakwai da suka wuce. Wata bakwai ke nan tana kwafe ƙafar Baba daga faifai zuwa faifai duk mako, tana duba cewa kwafin ya yi kyau.

Shekara biyu rabonta da shi. Bayan rasuwar mahaifiyarta, ita da mijinta sun gyara masa ɗaki a gidansu. Sun yi fenti, sun sayi gado, har ƙarfen dafawa suka sa a banɗaki. Ranar wata Asabar ta ɗauki hayar mota da 'yan dako biyu ta tura a kwaso shi da kayansa. Ita ba ta je ba, saba ta faɗi a ranar, tana ofis. Motar ta dawo ba komai, da saƙo cewa shi ba firji ba ne. Washegari ta je da zafinta. Ta ce masa in ya faɗi a gidan nan babu mai sani. Ya ce to kar ta sani. Ta riƙe maganar, don halinsu ɗaya ne, a wurinsa ta gado shi. Fushin bai yi wata uku ba ya huce, kunya ta zauna a wurinsa, kuma kunyar ta fi fushin hana ta tafiya.

Ta fita baranda ta kira yayanta, wanda ke zaune a wani gari.

"Yaya, ka san da ƙafar Baba?"

"Na sani."

"Shi ne ba ka gaya min ba?"

"Ya ce in na gaya miki ni ma in daina zuwa. Ni na sa aka rubuta shi a ofishinku, Auta. Na zaci za ki gani."

"Ba na karantawa," ta ce.

"To yanzu kin karanta."

Ta san abin da wata uku ba wanki ke yi wa ƙafar mai ciwon suga. Ba nas ba ce, amma ta shekara shida tana jin hirarsu.

Juma'a direban da ake kira Sarkin Kwana ya fita da wayar ofis da takardar. Da la'asar ya dawo da goma sha shida. Ya zauna a kan teburin wata nas yana ba da labarin na goma sha bakwai, mutane sun kewaye shi.

"Tsohon nan dai sau biyu ke nan yana koro ni. Layinsu matsattse ne, rufin gidaje ya kusa haɗewa a sama, waya ba ta ganin sararin kirki. Ita kuma ba ta karɓa sai kuskurenta ya sauko ƙasa da mita biyar. A ƙofa goma sha biyu take ba ni. Na ce Baba bari in shiga tsakar gida minti biyu. Ku ji abin da ya ce." Ya gyara murya, ya ɗaga haɓa. "Shekara talatin da huɗu ina kai wa mutane wasiƙa, ban taɓa tambayar sama ina gidan wane yake ba. Mai son sanin inda nake ya zo da ƙafarsa."

Aka yi dariya. Ya iya kwaikwayo, har ɗaga haɓar bai bari ba. Injiniya tana bakin ƙofa da kofin shayi, babu wanda ya san 'yarsa ce, ita kuma ba ta faɗa ba.

"Ki sa shi da hannu in za ki iya," in ji Darakta yana wucewa da jakarsa. "In bai yiwu ba a bar shi a ruwan. Shi ya zaɓa."

Tana iya sawa da hannu, ai ita ce mai saba. Ta koma ɗakin sanyi ta buɗe hoton sama, ta matso da unguwarsu, hankalinta ya ɗan kwanta. Za ta danna rufin gidansu daga kujerarta, mota ta ci gaba da zuwa, ba wanda zai ga wani. Sai dai unguwar tsoffin gidajen ma'aikata ce, layi-layi, bayan wannan a jingine da bayan wancan, rufi iri ɗaya, tsakar gida iri ɗaya, lambobin ƙofa kuwa tun tana yarinya suka zube. Kuskuren mita goma zai kai sabon direba layin baya, ya yi ta buga ƙofar mutane. Ta nemi bishiyar lemon da ke tsakar gidansu, wadda ita kaɗai ce a layin. Babu ita a hoton. Ta ƙirga daga kwana. Na shida ne ko na bakwai? A gidan aka haife ta, shekara ashirin da biyar tana shiga tana fita, ba ta taɓa ƙirgawa ba, ƙafarta ce ta san wurin. Ta kira Sarkin Kwana ya duba. Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, ya ce shi ta ƙofa ya san gidan, ƙofar mai shuɗin fenti, kuma a sama ba a ganin ƙofa.

Ta karɓi wayar ofis ta sa a jakarta.

Asabar da hantsi ta sauka a bakin layin. Ba ta ƙirga ba, ƙafarta ta kai ta. Fentin ƙofar ya koɗe, ramin jefa wasiƙa da Baba ya yanka da hannunsa yana nan, ya goge bakin ƙarfen yana ƙyalli. Ta fito da wayar ta tsaya wuri ɗaya. Dabararta ita ce ta fi Sarkin Kwana haƙuri, ta samu lambar a ƙofa, ta juya. Wayar ta ce mita ashirin. Ta ce goma sha huɗu. Ta ce goma sha ɗaya, ta tsaya nan. Injiniya ta ɗaga ta sama, ta matsa dama, ta matsa hagu. Tara. Goma sha ɗaya kuma.

"Wa ke tsaye min a ƙofa kamar mai kawo sammaci?"

Muryar daga ciki ta fito. Ta ɗan dushe, amma ita ce.

"Ni ce."

"Ni ce ba adireshi ba ne."

"Auta ce, Baba."

Wayar ta koma goma sha uku kafin ya amsa.

"A buɗe take," ya ce.

Ta yi sallama ta shiga. Yana zaune a kan benci a inuwar baranda, ƙafar hagu a naɗe da farin bandeji a kan ƙaramar kujera, sanda a jingine da bango. Ya rame. Gidan a share yake tas, takalmansa na aiki a jere a inda suka saba zama, an shafa musu mai. A tsakar gida, inda lemon yake a da, kututture ne kawai. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar jiya suka rabu, ya tambayi mijinta, ya tambayi aiki. Idonsa na kan wayar.

"Ke ma ita kika kawo."

"Baba, kana cikin teku."

"Wane teku?"

Ta yi masa bayani a taƙaice, sifili da sifili, da ɗigon da ke tsakiyar ruwa, da Litinin, da wata uku. Ya saurara da haɓa a sama.

"Wa ya kai ni can?"

"Ba kowa. Duk wanda ba ta san inda yake ba, can take ajiye shi."

"Mu aljihun tebur muke sa su," ya ce. "Wasiƙar da ba a gane gidanta ba. Ni nakan ɗauko in sa a jaka in yi ta tambaya." Ya kalli ƙafarsa. "Ni kaɗai ne a ruwan?"

"Ku goma sha bakwai ne. An fitar da sha shida."

Ya yi wani ɗan sauti ta hanci, wanda a wurinsa dariya ce. Ta kalli kututturen.

"Lemon fa?"

"Ganye. Ba na iya sharar. Na sa aka sare."

Ta ji tausayinsa, ta ji haushin kanta, kuma ta san in ta nuna ko ɗaya zai kore ta. Shi ya ci gaba, idonsa a kan bango.

"Ɗakin nan naku. An ce har ƙarfe kuka sa a banɗaki."

"Yana nan."

"Da kin zo da bakinki kin tambaye ni."

"Da ka zo?"

"A'a," ya ce. "Amma da ke na gaya wa a'a, ba 'yan dako ba."

Ta sunkuyar da kai. Daga baya ta ce, "Wayar tana son sararin sama, Baba. A ƙofa ba ta gani."

"To ga sarari nan, na sare miki bishiyar."

Ta taka zuwa kututturen ta tsaya a gefensa, rana a kanta. Wayar ta ce takwas. Ta ce shida. Ta ɗan yi jim, sannan huɗu, maɓallin da ke ƙasa ya koma kore. Dannawa ɗaya ta rage. Babban yatsanta ya riga ya kai kansa, don hannunta ya saba gama aiki ba tare da ya jira kowa ba. Ta janye shi.

"Baba, ta samu. In danna?"

Ya dube ta. Ya gyara zaman ƙafarsa a kan kujera, ya kori ƙuda daga bandejin, ya bar ta a rana iya yadda ya ga dama.

"Wace nas za su turo? Mai gilashin nan hannunta da nauyi."

"Ban sani ba. Zan tambaya."

"Ki tambaya." Ya ɗan ƙara jinkiri. "Danna."

Ta danna. Wayar ta yi ƙara kaɗan, ta rubuta cewa an ajiye. Can a ɗakin da ba taga, saba ta karɓi lambobi biyu, teku ya koma ba kowa a cikinsa.

"An gama?" ya tambaya. Hannunsa ya riga ya kai ga sanda, zai tashi ya raka ta ƙofa, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya kawo saƙo ya isar.

Ta kalli allon. A rubuce yake a kansa cewa an gama. Ta kifa wayar a tafin hannunta.

"Da saura, Baba. Takan ɗan ɗauki lokaci."

Shekara talatin da huɗu ya yi yana karɓar sa hannun mutane a bakin ƙofa, ya san fuskar wanda ya gama da ta wanda bai gama ba. Ya mayar da sandar jikin bango, ya matsa gefe a kan bencin.

"To ki shigo inuwa ki jira ta," ya ce.